Wa Ya Ɗora Duwatsun Machu Picchu?

Dakta Hadiza: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga hotunan da na yi alkawari. Taron manoman dankali ne ya kai ni Lima, babban birnin Peru, da aka tashi sai muka haɗa kuɗi da abokan aiki muka hau jirgi zuwa Kusko, daga can muka wuce Machu Picchu, tsohon garin duwatsu da daular Inka ta gina a kan tsauni. Hoton farko daga sama na ɗauka, inda ake hango garin gaba ɗaya. Na biyu wani bango ne a cikin Kusko, tsohon babban birnin daular. Ku buɗe shi sosai ku dubi inda duwatsun suka haɗu. Ba siminti, ba laka, kuma ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba.

Baba Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Sannu da dawowa 'yata, ya gajiyar hanya? Taron dankali kuma har Peru?

Dakta Hadiza: Gajiya ta bi lafiya Baba. Ai can ne asalinsa. Mutanen tsaunukan Andes sun yi dubban shekaru suna noma shi kafin ya shiga Turai, kuma har yau suna da iri fiye da 3,000. A kasuwar Kusko na ga baƙi, na ga shuɗi, na ga wani mai ƙulu-ƙulu da ban san ta inda ake fere shi ba.

Sadik: Anti sannu da zuwa. Amma ni fa bangon nan bai yi min kama da aikin ɗan Adam ba. Mutanen da aka ce ba su da ƙarfe, ba su da amalanke, ba su da doki, su ne za su ɗora wannan a kan tsauni? Aljanu dai suka sa aiki.

Injiniya Kabiru: Sadik, kai kullum abin da ya fi ƙarfin tunaninka sai ka jingina wa aljanu. Aljani ba ya barin aiki rabi da rabi, mutanen nan kuwa sun bari, kuma shi ya tona yadda suka yi. A Machu Picchu ba daga nesa aka jido dutsen ba, mahaƙar tana nan a tsakiyar garin, da duwatsun da aka fara sassaƙa ba a gama ba. A Ollantaytambo kuwa, wani garin Inka tsakanin Kusko da Machu Picchu, mahaƙar tana ƙetaren kogi, kuma a kan hanyar akwai manyan duwatsu da aka jawo aka yar, har yau suna kwance, ga kuma gangaren da aka yi na jawo su sama. Kayan aikinsu dutse ne mai tauri da suke tsintowa a kogi, su yi ta dukan babban dutsen yana ɓarewa kaɗan-kaɗan. In ka matsa kusa za ka ga tabon dukan, manya a tsakiyar dutse, ƙanana a baki inda ake son ya zauna daram. Wani masanin gine-gine, Jean-Pierre Protzen, ya je mahaƙarsu ya gwada da hannunsa, dutse ya sassaƙu.

Sadik: To Yaya, duwatsun Sacsayhuaman fa, babbar katangar da ke saman Kusko, waɗanda aka ce wani ya haura tan 100?

Injiniya Kabiru: Igiya, gangare, da mutane. Cieza de Leon, wani ɗan Sifen da ya zagaya ƙasar jim kaɗan bayan an ci ta, ya rubuta cewa mutum 20,000 aka tara wa aikin Sacsayhuaman, wasu na fasa dutse, wasu na ja. Ba ka taɓa ganin yadda majiya ƙarfi goma ke tura motar da ta mutu ba? Ninka su sau dubu biyu, ka ba su abinci, ka ba su shekaru. Ni abin da ya fi burge ni ma ba ya fitowa a hoto. Machu Picchu yana kan doron tsauni mai tsayin mita 2,430, kuma ruwan sama a shekara yana kusan milimita 2,000. Duk maginin da ya san aikinsa zai ce maka zaftarewa ce za ta fara kashe garin. Sai suka fara da ƙasa. Kowace gona daga cikin gonakin nan masu hawa-hawa, a gindinta manyan duwatsu ne, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama, don ruwa ya tsane ya wuce. Wani injiniyan ruwa ɗan Amurka, Kenneth Wright, da ya yi shekaru yana auna wurin, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Magudanan da suka huda a jikin bango sun haura 100.

Dakta Hadiza: Wannan kam na gani da idona. Ruwa ya same mu muna ciki, mai ƙarfi, har muka fake. Da ya ɗauke, ko kududdufi ɗaya ban gani ba. Sannan akwai wata siririyar hanyar ruwa da suka jawo daga idon ruwa a jikin tsauni, tana zuba daga wannan kwarmin dutse zuwa wancan, guda 16 a jere. Na tsaya ina kallonsa yana tsiyaya, ruwan da aka saita tun kafin 1500.

Injiniya Kabiru: Ki ƙara da girgizar ƙasa. Ƙofofinsu faɗi a ƙasa, tsuke a sama, bango kuma ya ɗan kwanta ciki. A Kusko, mutanen Sifen sun gina cocin Santo Domingo a kan Coricancha, babban wurin bautar rana na Inka. Girgizar 1950 ta rugurguza cocin, bangon Inka da ke ƙarƙashi ko gezau.

Isufu Damagaram: Masha Allah. Ni abin da na fahimta, sirrin mutanen nan haɗin kai ne. Aikin gayya ne irin na iyayenmu, sai dai nasu ya girma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malama Zainab: Malam Isufu, a nan zan saɓa maka. Gayya gayyata ce, in ka ga dama ka je, in ba ka je ba iyaka a yi da kai a bayan ido. Suna da irin wannan a ƙauyukansu, har yau ma. Amma abin da ya gina Sacsayhuaman da hanyoyinsu sunansa mit'a, kuma haraji ne. Daular ba ta da kuɗi, ba tsaba ba takarda, don haka jikinka ne harajinka. Kowane magidanci za a ɗebe shi wani lokaci ya yi wa sarki noma, ko gini, ko yaƙi, ko dako. In kana neman abin da ya yi kama da shi a wajenmu, ka tambayi tsofaffi labarin diban gwamna, lokacin yaƙin duniya na biyu da Turawa suka kwashi mutane ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a Jos.

Isufu Damagaram: Haba Malama, kin yi tsauri. Diban gwamna mutane sun mutu da sanyi da yunwa, kuzar kuma ta tafi Ingila. Su Inka na karanta cewa sarki ne ke ciyar da ma'aikata, har da sutura da abin sha, kuma suna da rumbuna a ko'ina don shekarar fari. Wanda ya karɓi guminka ya mayar maka da shi ranar yunwa, ai ba ɗaya yake da wanda ya kwashe ya tafi ba.

Malama Zainab: Rumbunan gaskiya ne, qollqa suke ce musu, dubbai, a jere a jikin tsaunuka inda iska ke kaɗawa. Ana tara masara da tufafi da makamai da busasshen dankali, wanda suke shanyawa a sanyin dare ya daskare, rana ta fito su tattake ruwan da ƙafa, ya yi shekaru bai lalace ba. Ban musa ba. Amma ka tambayi kanka, wa rumbun ya fara ciyarwa? Sojoji da ma'aikatan sarki. Kuma daular nan cikin ƙasa da shekara 100 ta tashi daga kewayen Kusko ta miƙe tun daga kudancin Kolombiya har tsakiyar Chile. Ba da roƙo aka yi haka ba. Ƙabilar da ta yi taurin kai sai a kwashe ta ɗungurungum a kai ta wata ƙasa mai nisa, a kawo wasu a zuba a gonakinta. 'Yan mata kuma ana zaɓar su tun suna ƙanana a raba su da iyayensu, su yi ta saƙa da dafa giya a killace. Shi kansa Machu Picchu ba garin talakawa ba ne. Yawancin masana sun tafi a kan cewa gidan hutun sarki Pachacuti ne, aka gina a tsakiyar ƙarni na 15. Ƙasusuwan da aka tono a can na barori ne, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna daga sassa daban-daban aka kawo su, har da dajin Amazon.

Injiniya Kabiru: Malama, duk wani babban gini na zamanin da, in kin tona za ki tarar da gumin talaka a gindinsa. Wannan ba ya rage gwanintar.

Malama Zainab: Ban ce ya rage ba Injiniya. Cewa na yi kada mu kira shi gayya.

Baba Ɗanjuma: To ni tambayata, ƙasa mai wannan tsawo, an ce ba su da rubutu, yaya sarki yake sanin wa ya yi aiki wa bai yi ba?

Malama Zainab: Da igiya Baba. Kipu ake ce mata. Doguwar igiya ɗaya, an rataya mata ƙananan zare masu launi, kowane zare da ƙulli. Inda ƙullin yake shi ke nuna ko ɗaya-ɗaya ne, ko gomomi, ko ɗaruruwa, inda ba ƙulli kuma sifili ne. Da ita suke ƙidayar jama'a da dabbobi da abin da ke cikin rumbu, kuma akwai ma'aikata na musamman da aikinsu ke nan. Lissafin an gane shi. Abin da masana ke ta fama da shi har yanzu shi ne wasu igiyoyin da ba su bi tsarin lissafi ba, ko labari ne aka ƙulla a ciki. Saƙo kuwa 'yan gudu ne ke kai shi, chaski, kowa ya ruga ɗan zango ya miƙa wa na gaba, a kan hanyoyin da tsawonsu ya kai kilomita 30,000. Da yake ba keke ba doki, inda tsauni ya miƙe sai kawai su sassaƙa matakala. Kaya kuma a bayan mutum ko a bayan lama, dabbar nan dangin raƙumi marar tozo.

Malam Nura: Assalamu alaikum. Na shigo a makare, na karanta daga sama. Dakta, barka da dawowa. Tambaya gare ni, ba don zargi ba. Mutanen nan rana suke bauta wa, suna cewa sarkinsu ɗanta ne, suna fito da gawarwakin sarakunansu a zaunar da su a wajen biki. Har yara suke kaiwa kan tsauni su bari a matsayin hadaya, an tono uku a kan dutsen Llullaillaco a 1999, sanyi ya adana su kamar suna barci. Mene ne ribar Musulmi ya kashe kuɗinsa ya je irin wannan wuri? Mun san abin da aka ce game da wucewa ta kufan Samudawa.

Isufu Damagaram: Allah gafarta Malam, amma ai an umarce mu da tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Su Samudawa nassi ne ya tabbatar azaba ta sauka a wurin. Waɗannan kuwa wa ya isar musu da saƙo?

Malam Nura: Wannan magana ce mai kyau, kuma hukuncinsu yana wurin Allah. Ni niyya nake tambaya. Tafiya don lura daban, tafiya don ɗaukar hoto da neman tabarraki daban.

Dakta Hadiza: Malam, tabarrakin ma akwai masu nema. Akwai wani dutse a can sama, Intihuatana, an kewaye shi da igiya, na ga Turawa suna miƙa tafin hannu kusa da shi wai suna ɗibar ƙarfi. A Kusko kuma har a takardun talla ana sayar da zama da boka, a haɗa ganyen koka (wanda daga shi ake yin hodar iblis) da alewa da hatsi a ƙona wa uwar ƙasa da suke kira Pachamama. Jagoranmu ya yi mana tayi, na ce masa ni dai bango da gonaki na zo gani. Bai ja ba, mutumin kirki ne, ya ce shi ma ranar Lahadi coci yake zuwa, amma kakarsa ba ta shan komai sai ta ɗiga wa ƙasa.

Malam Nura: To alhamdu lillahi. In haka ne ba ni da sauran magana, Allah Ya sa ilimi mai amfani ne.

Sadik: Na janye aljanu, amma ga wata. Masu wannan tsari duka, yaya Sifaniyawa mutum 168 suka ci su da yaƙi? Nan ma dai akwai lauje cikin naɗi.

Malama Zainab: Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙanena. Kafin Pizarro, jagoran Sifaniyawan, ya iso, wata annoba, da yawa suna ganin agana ce da Turawa suka shigo da ita nahiyar, ta riga shi zuwa. Sarki Huayna Capac ya mutu, 'ya'yansa biyu, Huascar da Atahualpa, suka kaure da yaƙin gado. Atahualpa ya yi nasara ke nan, yana hutawa a Cajamarca, sai ga baƙi. Ranar 16 ga Nuwamba 1532 ya shiga dandalin garin a kan karagarsa da dubban mutane, ba shirin yaƙi, don ya raina yawansu. Su kuwa sun ɓuya a cikin gine-gine da dawaki da takubban ƙarfe da bindigogi, abubuwan da mutanensa ba su taɓa karo da su ba. Suka kama shi da rai. Ya yi alkawarin cika ɗaki da zinariya sau ɗaya, da azurfa sau biyu. Aka kawo, suka narkar, sannan suka kashe shi a 1533. Amma kada ka ɗauka mutum 168 ne suka gama aikin. Ƙabilun da Inka suka danne, irin su Kanyari da Wanka da Chachapoya, dubbansu ne suka bi bayan Sifaniyawa. Shi ya sa nake ta nanata maganar mit'a da kwashe mutane. Wanda yake ganin gayya yake yi ba zai ɗauki makami ya bi baƙo ba.

Isufu Damagaram: Kuma me suka samu? Sifaniyawan suka ɗauki mit'ar nan suka mayar da ita ta haƙar azurfa a Potosi, inda mutane suka yi ta mutuwa a rami, ba rumbu ba komai. Kin ga ke nan akwai bambanci tsakanin na gida da na baƙo, wanda shi nake faɗa tun ɗazu.

Malama Zainab: A wannan mun haɗu. Na Potosi ya fi muni nesa ba kusa ba. Kuma Inka ba su miƙa wuya nan take ba, Manco Inca ya yi wa Kusko ƙawanya a 1536, ya koma daji ya kafa Vilcabamba, sai a 1572 aka kama na ƙarshensu, Tupac Amaru, aka sare kansa a dandalin Kusko.

Baba Ɗanjuma: Ikon Allah. To shi Machu Picchu yaya ya tsira ba su rushe ba?

Dakta Hadiza: Babu alamar sun taɓa kai masa hari Baba. Da sarauta ta watse, barorin suka watse, daji ya rufe. Amma maganar da ake yi cewa wani Ba'amurke, Hiram Bingham, shi ya gano shi a 1911, jagoranmu dariya ya yi. Wani manomi, Melchor Arteaga, shi ya hau da shi, kuma da suka isa sun tarar da iyalai suna noma a gonakin. Har sunan wani ɗan ƙasar, Agustin Lizarraga, ya gani a rubuce a bango da shekarar 1902. Abin da Bingham ya yi shi ne ya sanar da duniya, ya kuma kwashi kaya zuwa jami'ar Yale, waɗanda sai a 2011 aka fara dawo da su Kusko bayan doguwar taƙaddama.

Sadik: Irin na Mungo Park da kogin Kwara ke nan. Anti, abinci fa? Na ji an ce ɓera suke ci.

Dakta Hadiza: Ɓeran Masar, gasasshe, da kansa da haƙoransa a faranti. Ban ci ba. Naman alade ma yana da yawa, kuma abin shansu na gargajiya, chicha, mai bugarwa ne, sai dai wani na jar masara da ba a tsima shi ba, shi ma sai na tambaya. Kifi na riƙe, da miyar wani hatsinsu da ake kira kinuwa, da dankali, da wata masara mai manyan ƙwayoyi da ake dafawa a ci da cuku. Abin da ya fi wahalar da ni iska ce. Kusko tana kan mita 3,400, ta fi Machu Picchu tsayi sosai. Daga sauka jirgi kaina ya ɗau sarawa, hawa bene ɗaya sai na zauna ina haki. A masauki shayin ganyen koka suke ba baƙi. Duk mai niyyar zuwa, kada ya kuskura ya sako ganyen nan a jaka wai tsaraba, a can halal ne a dokarsu, a filin jirgin wata ƙasa kuwa sunansa ƙwaya.

Injiniya Kabiru: Da ƙafa kika hau ko a mota?

Dakta Hadiza: Wace ni! Masu ƙarfi suna bin tsohuwar hanyar Inka, kwana huɗu, ta wata mashiga mai tsayin sama da mita 4,200. Mutum 500 kawai ake bari a rana har da 'yan dako, kuma ana rufe ta duk watan Fabrairu. Mu jirgin ƙasa muka hau daga Ollantaytambo, ya bi gefen kogin Urubamba zuwa Aguas Calientes, daga nan bas ta yi ta nannaɗe tsauni da mu. Tikitin shiga da lokaci yake, kuma hanyar da aka rubuta maka ita za ka bi, ba komawa baya. A damina, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, hazo na iya rufe komai.

Isufu Damagaram: 'Yan dakon nan su ne jikokin maginan ko?

Dakta Hadiza: Su ne, masu jin Kechuwa, yaren da miliyoyi ke yi har yau a Peru da Boliviya da Ekwado. Na gan su a tasha da kaya ya fi su tsawo, wasu da takalmin taya.

Malama Zainab: Malam Isufu, su ma gayya suke yi?

Isufu Damagaram: Malama ba za ki bar ni in sha ruwa ba ke nan. Su dai ana biyansu.

Baba Ɗanjuma: Ku bar ta haka, an kusa kiran Magariba. 'Yata, mai ciwon gwiwa irina zai iya?

Dakta Hadiza: Bas za ta kai ka har bakin ƙofa Baba, amma daga nan matakala ce ta dutse, ba a daidaita tsayinta ba, kuma in an yi ruwa tana santsi. Akwai zagaye na ƙasa-ƙasa da ba shi da hawa sosai, shi za ka nema tun wajen sayen tikiti. Sanda kuma sai mai roba a baki suke bari, don kada ta ci dutsen.